Musayar Waƙa: John Stow, Telan da Ya Rubuta Tarihin Landan

Ɗan Tela:
Salamu alaikum. Yau na kawo John Stow, wanda ya rasu a 1605. Sana'armu ɗaya da shi, shi ya sa labarinsa ya tsaya mini a rai. Amsa-amo "ra".

Da sunan Allah waƙata zan fara,
Kan wani tela mai zare da allura,
A Landan ya zauna shekara da shekara,
Ya aje ɗinki, tsofaffin takardu yake tara,
Ɗan abin hannunsa ya ƙare, ya shiga fatara.

Gwaggon Yara:
Ɗana ka yi, bari ni ma in ƙara,
Unguwa-unguwa ya bi gari da basira,
Da ƙafa, ba doki, ba mai yi mai jagora,
Ƙofa, ganuwa, gada, ya zayyana musu sura,
Sunan kan kabari ya kwafe, ya tara,
A 1598 littafinsa Survey of London ya fito, an yi ta fira,
Gobarar 1666 ta zo ta yi wa birnin shara,
Abin da wuta ta ci, a littafinsa ya tsira.

Malam na Zaure:
Gwaggo, kin tsallake wata shekara,
A 1569 an kai shi ƙara,
Wai haramtattun littattafan Katolika ke gare shi a jera,
Aka bincike ɗakinsa, ya koma aiki da gyara.

Ɗan Tela:
Allah gafarta Malam, ga inda hawaye ke zubo mini:

Tsoho ya kusa tamanin, ƙafa sai da gora,
A 1604 Sarki James ya ji kira,
Bai ba shi gida ba, bai ba shi ko fura,
Takarda ya ba shi, ta izinin bara!

Malam na Zaure:
Yaro, sannu, zuciya kar ta tunzura,
A zamaninsu haka ake agajin mai lalura,
Takardar sarki ce, a coci-coci ake tura,
Jama'a su ba da abin da Allah ya hore, a tara.

Ɗan Tela:
Na ji Malam, amma raina bai daina ƙuna ba,
Shekara arba'in yana rubutu bai huta ba,
Ladan da ya dace da shi bai gani ba.

Ku yafe ni, na saki amsa-amon.

Gwaggon Yara:
An yafe, ɗana, share ido ka saurara,
Da ya rasu, matarsa Elizabeth ba ta tsaya jira,
A cocin St Andrew Undershaft ta sa an sassaƙa sura,
Yana zaune da littafi, kamar yanzu zai fara,
Alƙalamin gashin tsuntsu a hannunsa aka ɗora,
Duk shekara uku manyan gari su taru a jera,
Su zare tsohon alƙalami, sabo su zura.