Ƙananan motocin haɗawa sun shekara takwas a kwali: ta ina zan faro?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙananan motocin roba guda biyu da aka fara haɗawa aka ajiye, yau shekara takwas ke nan suna cikin kwali a saman wadirof. Ta farko Peugeot 405 T16 ce ta Tamiya, sikeli 1:24 (wato ta gaske ta ninka ta girma sau 24), ruwan ɗorawar nan da ta ci tseren Faris zuwa Dakar a 1990. An fesa wa bodin fentin gwangwani, amma ya fito da ƙuraje kamar ɓawon lemo, gefe ɗaya kuma ya yi fari-fari kamar hazo. Salatif ɗin takarda da aka rufe bakin tagogi da shi har yanzu yana manne. Takardar sitikun ruwa, waɗanda ake jiƙawa a manna a bodi, ta dafe. Ta biyu Mustang ce ta AMT, 1:25. An haɗa inji da shasi, an shafa wa bodin fentin Humbrol da buroshi, kuma wata taya ta kwanta a kan gilashin gaba ta bar shaida. Tambayata: a cire fentin gaba ɗaya ne, ko a goge a ɗora sabo? Me kuma zan iya samu a nan Legas ba sai na yi oda daga waje ba?

Malam na Idi-Araba:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin maganar fenti, mayar da Mustang ɗin kwalinta tukuna. Mota ɗaya ake ɗora wa tebur, don taura biyu ba ta taunuwa. Fara da Peugeot, sassan Tamiya sun fi zama daidai, za ka fi saurin ganin ƙarshenta.

Ranar farko ba a taɓa gam, ba a taɓa fenti. Shimfiɗa farin zane, juye kwalin a kai, ka bi takardar umarni mataki-mataki kana sa alama da fensir a kan abin da aka gama, kana rubuta lambar duk abin da ya ɓace. In takardar ta lalace, shafin Scalemates na da kwafin umarnin motoci da yawa. Sassan da suka ɓalle daga rassansu a zuba su a ƙananan ledoji, kowace leda da lambar matakinta. Sannan a wanke komai, ban da sitiku, da ruwa mai ɗumi da ɗigo uku na sabulun wanke-wanke, a bi da tsohon buroshin haƙori. Shekara takwas a Legas na nufin ƙura, fumfuna da maiƙon hannu, kuma fenti ba ya kama ko ɗaya daga ciki.

Game da tambayarka, ni a ganina ka cire. Ɓawon lemo kaɗai ana iya goge shi da sanfefa mai lamba 1500 da ruwa, a bi da 2000, a ɗora sabo. Amma ga hazo, ga salatif da ya shekara takwas, in ka ɗora wani fentin layukan ƙofa da na bonet za su cike, motar ta koma kamar sabulu.

Abin cirewa ya danganta da irin fentin. In gwangwanin Tamiya ne mai lambar TS, nemi sifirit mai ƙarfi da masu gyaran waya ke kira IPA, mai kashi 90 cikin ɗari ko sama. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan gyaran waya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ko wajen masu sinadarai a Ojota. Rabin lita zuwa lita ɗaya ya isa. Sa bodin a robar abinci mai murfi, zuba har ya nutse, rufe. Duba bayan awa biyu, goga da buroshi, in bai saki ba ka bar shi ya kwana. Sifirit ɗin kemis ba shi da wannan ƙarfin, yakan cire fentin kwalba na Tamiya mai lambar X da XF, amma da ƙyar yake motsa na gwangwani.

Humbrol na Mustang fentin mai ne, IPA ba ta cika yi masa komai ba. Shi sai sodar masu haɗa sabulu: cokali uku na cin abinci a lita ɗaya ta ruwa. Sodar ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, saboda tana zafi tana tartsatsi. Safar hannu da tabarau dole ne, kuma kada a yi a kwanon alminiyom, tana cin sa. A jira ruwan ya huce kafin a sa bodin, ya kwana ɗaya zuwa biyu.

Abu biyu kada su kusanci robar: tinar masu fentin mota da ruwan goge farce. Suna narkar da ita nan take.

Mai Feshi Ladipo:

Malam ya gama magana kan cirewa, sai dai in ƙara cewa wani zai ce maka ka jiƙa a man birki. Yana cire fenti, gaskiya ne, amma yana busar da wasu robobin su yi gautsi, sai ka zo sa gilashi sandar taga ta karye a hannunka. Bar shi a matsayin dabarar ƙarshe.

Wannan farin hazon da ka gani ba laifin gwangwani ba ne, laimar Legas ce. Lokacin feshi tinar da ke cikin fentin tana tashi da sauri, tana sanyaya fuskar bodin, sai ruwan da ke cikin iska ya sauka a kai ya maƙale cikin fentin tun yana ɗanye. A watan Yuni da Yuli laimar iska takan wuce kashi 80, da sassafe da bayan magariba kuma ta fi muni. Sayi ɗan agogon nan mai nuna zafi da laima, ka yi feshi in ya nuna ƙasa da 70. Galibi tsakanin sha ɗaya na safe da uku na rana ke nan, ranar da ba hadari. Disamba da Janairu sun fi kowane lokaci bushewa, amma a nan ƙurar hunturu ce abokiyar gaba. Maganinta babbar robar ajiya mai tsabta: da ka gama fesawa ka kifa ta a kan bodin, ka sa tsinken ashana biyu a ƙarƙashin bakinta don tururi ya fita. Yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara.

Ɓawon lemo kuwa daga nisa ne, ko rashin girgizawa. Fentin ya fara bushewa a iska kafin ya isa. Tsoma gwangwanin a ruwa mai ɗumin wankan jariri minti biyar, ba ruwan zafi ba, girgiza minti biyu cur, ka riƙe shi santimita 20 daga bodin. Fara danna kan feshin kafin ka iso motar, kada ka saki sai ka wuce ta.

Tsarin shi ne: firaima (fentin shimfiɗa da ake fara sawa) fara tas, shafi biyu marasa kauri, ta kwana, a lallaɓa ta da sanfefa 2000. Na ce fara don ruwan ɗorawa ba ya rufe abin da ke ƙasansa. In ka sa shi a kan firaima mai ruwan toka zai fito da kore-kore, ka yi ta ƙarawa har gwangwani ya ƙare. Launin motar nan a jerin Tamiya shi ne TS-34. Shafi biyu na farko kamar raɓa, minti 15 tsakani, kana hango firaima ta ciki. Na uku ne mai jiƙa, ka rage saurin hannu har ya yi sheƙi, ka tsaya kafin ya zubo. Gwangwani ɗaya mai mililita 100 ya ishi bodi ɗaya in hannu bai yi ɓarna ba. Bar shi mako guda.

Matsalar ita ce gwangwanin feshi kaya ne mai kama wuta, masu aiko da kaya ta jirgin sama ba sa son ɗaukarsa. In bai samu ba, masu haɗa fentin mota a nan Ladipo za su haɗa maka launin a ƙaramar kwalba in ka kai musu hoton kwalin. Amma fentin mota yana da zafi, yana tsattsaga roba in firaima ba ta rufe ko'ina ba, kuma sai da ƙaramar bindigar feshi mai baki 0.3, ƙarfin iska PSI 15 zuwa 20 a ma'aunin kwamfuresa. Ko me za ka fesa, gwada shi a bayan farin cokalin roba na abincin sayarwa tukuna, firaima da fenti da kiliya (fentin sheƙi mara launi da ake ɗorawa a ƙarshe), bi da bi kamar yadda za ka yi wa motar. Kiliyar mota mai haɗi biyu kuwa kada ka fesa ta a ɗaki, tururinta na illa ga huhu, takunkumin kyalle ba ya tare shi.

Anti Obalende:

Sannu ƙanena. Ni sitiku da gilashi zan taɓa, don a nan yawancin tsofaffin motocin nan ke sake komawa kwali.

Kafin ruwa ya taɓa takardar, kai ta shagon da ke da sikana a ɗauke ta a 600 dpi ko sama, da rula a gefe don girman ya tabbata. In ta wargaje kana da abin bugawa a takardar sitika. Ka dai sani firintar gida ba ta buga fari, sai an sayi takarda mai farin gindi an yanka a bakin zane.

Sai gwaji. Yanko sitika ɗaya da ba ka buƙata, tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 15, ajiye a kan tsumma minti ɗaya, tura da ɗan yatsa. In ta zame lafiya, alhamdulillahi. In ta farfashe, fatar samanta ta mutu. Shafa Liquid Decal Film na Microscale, ruwan da ke yi wa sitika sabuwar fata, a kan takardar duka, shafi ɗaya ko biyu, ya bushe. In babu, feshin kiliya sama-sama sau biyu yana yi, sai dai sitikar za ta ɗan yi kauri. Bayan haka takardar ta zama fata ɗaya, dole ka yanka kowace sitika dab da bakin zanenta da sabuwar reza. In kuma ta zame amma ta ƙi kamawa, laima ta cinye gam ɗinta: ɗiga farin gam na kafintoci a cokalin ruwa, shafa a wurin da za ta zauna.

Dafewar kuwa, ana manna takardar a jikin gilashin taga tana kallon rana mako biyu zuwa uku, ta washe. Amma a motarka ban ga dalilin wahalar ba. Fatar da ta koma ruwan ɗorawa a kan bodi ruwan ɗorawa, wa zai gani? Fararen allunan lamba ne kawai za su nuna, su kaɗai za ka yanka ka shanya. Ka lura kada raɓa ta taru a jikin tagar da asuba.

Tsohuwar sitika ba ta jure feshin kiliyar Tamiya TS-13 mai jiƙa, tana yamutsewa. Kwana biyu bayan mannawa, raɓa-raɓa sau uku tukuna.

Ragowar gam ɗin salatif a kan gilashi: man gyaɗa a auduga, minti goma, sannan sabulu. Kada ka jiƙa gilashi a IPA. Kuma kada sufa gulu ya je kusa da shi, tururinsa na barin farin tabo. Farin gam a bakin tsinken sakace ya wadatar.

Shaidar tayar nan a gilashin Mustang, sinadarin da ke sa taya laushi ne ya tsotsa cikin robar ya narkar da ita. In bai yi zurfi ba, daddale shi da sanfefa 800 da ruwa, ka hau 1200, 2000, har zuwa mafi laushin da ka samu, kowane mataki a gicciye da na baya, ka ƙare da man goge fenti. Cika bayan gilashin da dunƙulen tsumma yayin gugar, don robar gilashi ba ta lanƙwasa, tsagewa take.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai Malam, Anti, da maigidana na Ladipo. Na leƙa Mustang ɗin kafin in rufe ta: bodin ya ɗan murɗe, ƙafar baya ta hagu ba ta taɓa ƙasa, madubin gefe ɗaya babu. Wayoyin fulogi ma huɗu kawai aka sa aka tsaya. Tana da magani?

Baba Alaba Rago:

Tana da shi, ɗana. Da farko raba bodi da shasi ka ɗora kowanne a kan gilashin tebur, ka ga wanne ne mai laifin. Sau da yawa shasin ne, ko kuma an manna ƙafa a karkace. In mannawa ce, jiƙa wurin da ruwa, sa a leda, ya kwana a firiza. Tsohon gam na tub da sufa gulu sukan saki da ɗan murɗawa. Gam mai ruwa-ruwa kamar Extra Thin na Tamiya ya riga ya narkar da robar ta zama ɗaya, shi sai yanka da siririn zarto.

In murɗewa ce, zafin saman wadirof ƙarƙashin kwano ne ya yi aikinsa, zafi kuma zai gyara. Bayan ka cire fenti, haɗa kofi biyu na tafasasshen ruwa da kofi ɗaya na ruwan famfo, zai ba ka wajen digiri 75. Tsoma daƙiƙa 20, fito da shi, murɗa ya ɗan wuce daidai kaɗan, riƙe a haka ka tsoma a ruwan sanyi. Gara ka maimaita sau huɗu da ka sa a tafasasshe sau ɗaya, don sandunan rufi sirara ne, su ke fara lanƙwashewa. Idan ka zo mayar da ƙafafu, manna huɗun a zama ɗaya, motar na tsaye a kan gilashi, da ɗan nauyi a bisa har gam ya kama. Fenta bakin wilin ko ka naɗa masa siririyar takardar alminiyom kafin taya ta hau, kada abin da ya sami gilashi ya sami wili.

Madubi: tausasa Blue Stuff ko Oyumaru, robar ɗaukar siffa, a ruwan zafi, danna madubin da ya rage a ciki, ya huce, cire, cika gurbin da Milliput, ƙullin nan mai kashi biyu da ke taurarewa, da aka cuɗa rabi da rabi. Awa huɗu ya taurare, amma ka bar shi ya kwana kafin ka fere. In na hagu da na dama ba iri ɗaya ba ne, kan kawai za ka kwafa, ƙafar ka yi ta da waya mai kaurin rabin milimita, ka huda ƙofa ka soke. Sassa masu ƙyallin azurfa kamar bamba, kankare ƙyallin a inda gam zai taɓa, in ba haka ba ba zai kama ba. In ƙyallin ya ɓaɓɓake, bilic na wanki na cire shi cikin awa ɗaya ko ƙasa, shi kaɗai ba a haɗa shi da komai, ka fesa baƙi mai sheƙi sannan azurfa.

Wayoyin fulogi kuwa, ina zargin su suka kai motar nan kwali. Wayar gaske mai milimita 8 a sikeli 1:25 ta zama 0.3, kuma injin na da takwas, kowacce da hujinta. In kana so, siririyar waya daga cikin tsohuwar igiyar caja za ta yi, da ɗan bakin huji 0.4 da ake juyawa da yatsu. In ka ji ranka bai so, zare huɗun da ke ciki, fesa wa injin baƙin fentin Tamiya X-18, manne bonet ɗin da ɗigo biyu na farin gam. Ranar da ka ga dama, ɗan ruwan ɗumi a bakin bonet zai buɗe shi.