In saya wa Inna maganin hanji mai hana tsufa?

Maman Fati: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Innarmu shekararta 68, a Birni take zaune. Wata mai talla ta kawo mana magani a kwalba, jika 15, wai ƙwayoyin halitta ne masu rai da ke gyara hanji su hana jiki tsufa. Inna na fama da kumburin ciki da kasala, ga kuɗin adashe a hannuna. In saya?

Malam Isufu, malamin kimiyya a lise: Wa alaikumus salam. Maganar tana da tushe, an dai yi mata ƙari. Tun 1907 wani masani, Metchnikoff, na cibiyar bincike ta Pasteur a Paris ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan nono mai tsami. Yau masana na auna tsufan jiki da telomiya, wani abu kamar ƙulli a bakin igiya da ke tsare zaren gado (DNA) na cikin ƙwayoyin jiki, yana raguwa duk sanda ƙwayar jiki ta rabu biyu. Kumburin sassan jiki mai daɗewa (ba kumburin ciki na iska ba) yana saurin cinye shi, ƙwayoyin hanji kuwa suna da hannu a kumburin nan. A 2017 a Jamus an ba wasu kifaye masu manyanta ƙwayoyin hanjin ƙananan kifaye, suka ƙara tsawon rai. Amma kifi ne, ƙanwata. A mutum alaƙa aka gani, ba a tabbatar da kwalbar da ke maida tsohuwa yarinya ba.

Hajiya Rabi: 'Yata, riƙe kuɗinki. Ki je kasuwar Dole ki sayo gero, wake, kuka da zogale. Fura da nono kullum da rana, miya kuma a sa daddawa.

Zainabu, ma'aikaciyar jinya: Hajiya ta yi gaskiya, dusar gero da wake su ne abincin ƙwayoyin nan, da su suke yin sinadarin da ke ciyar da bangon hanji. Sai dai nonon ya zama wanda aka dafa madararsa kafin ya yi tsami, ɗanye na kawo tarin fuka da burusela, zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi. Waken a fara kaɗan-kaɗan. Kuma a raba ta da kafson kashe ƙwayoyin cuta na 'yan tebur, yana kashe ƙwayoyin kirki. Abin da ya fi damuna, Yaya, kumburi da kasala a shekarunta. Ki kai ta likita a auna jini da bayan gida, musamman in tana ramewa.

Maman Fati: Na gode, Allah ya saka. Ta ɗan rame kam. Litinin za mu je in sha Allah.