Abin da muka tattara kan yadda Nike ke yin kayanta

Hirar da muka yi kan yadda kamfanin kayan wasanni na Nike ke yin kayansa ta yi tsawo, ga abin da na tsamo.

1. Kusan kowa ya yarda Nike ba ita ke ɗinka takalmanta ba. Zane da gwaji a hedikwatarsu da ke Beaverton a jihar Oregon ta Amurka ake yi, sai su ba masana'antun 'yan kwangila su ɗinka, yawanci a Vietnam da Indonesiya da Sin, Vietnam ce ma ke yin kusan rabin takalman. Don haka ganin sunan Vietnam a harshen takalmi ba ya nufin jabu ne, a daina wannan musun don Allah.

2. Jakar iskar nan ta Air da ke ƙasan takalmi kam, a masana'antar kansu suke yinta.

3. Kan ma'aikata aka rabu. Wasu sun tuno yaran da aka gani suna ɗinka ƙwallon Nike a Pakistan a 1996, wasu suka ce ai a 2005 kamfanin ya fitar da sunayen masana'antun da ke yi masa aiki, an samu gyara. Wasu dai sun ce har yanzu albashin bai taka kara ya karya ba.

4. Mai sayen jesin Nike na Super Eagles ya duba ɗinki da lambar cikin riga, in farashin ya yi araha da yawa to ka san sauran.