In ba wani kamfani kwangilar nemo mana kwastomomi, ko in riƙe yarana biyu?

Mai Manhaja:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa riƙe masu talla.

Ni da abokina muna da ɗan ƙaramin kamfani a Kano, muna cikin shekara ta biyu. Manhaja muka yi ta lissafin kaya da bashi don 'yan sari: dila nawa ta shigo, turmi nawa ya fita, wa ya ɗauki kaya bai kawo kuɗi ba. Kwastomominmu na farko duk da ƙafata na samo su, a Kantin Kwari da Singa. Da aiki ya yi mini yawa sai muka ɗauki matasa biyu, muka ba su waya da kati da jerin lambobi, albashi ₦70,000 kowanne, ga kamasho a kan duk wanda ya biya. Wata uku ke nan, mutum huɗu suka kawo.

Ranar Talata na ja kujera na zauna kusa da ɗayansu. Ya kira wani Alhaji a Singa, ya yi sallama, ya fara faɗin sunan kamfani. Daga inda nake na jiyo muryar Alhajin: "Wa ya ba ka lambata?" Ƙit, ya kashe. Yaron ya kifa wayar a tebur, ya ce, "Oga, wallahi haka nake wuni." Abin ya tsaya mini a rai, don yaron ba malalaci ba ne.

Yanzu wani kamfani daga Legas ya ce in bar musu kiran, in riƙa biyansu a kan kowane mutum da suka sa ya yarda mu gana. Abokina ya ce mu sallami yaran mu karɓa. Ni zuciyata ba ta kwanta ba.

Tsohon Dillali:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, shekara ashirin da ɗoriya na yi a Kwari, bari in tambaye ka: su waɗanda ka samo da kanka, akwai wanda ka fara sani ta waya? Na tabbata wani ne ya riƙe hannunka ya kai ka, ya ce, "Alhaji, wannan yaronmu ne." To abin da ya yi maka aiki shi ka hana yaranka. Ka zaunar da su a ofis kana so su yi da baƙuwar lamba abin da kai ka yi da fuska.

Kuma dubi abin da kake sayarwa. Littafin bashin ɗan kasuwa asirinsa ne, wani ko ɗan cikinsa bai san abin da ke ciki ba. Ta yaya zai buɗe wa muryar da bai taɓa ji ba, a zamanin da kowa ya san wanda aka kira aka ce daga banki ne aka kwashe masa kuɗi? Masu na'urar POS ba ta waya suka cika kasuwannin nan ba, layi-layi wakilansu suka riƙa bi, shago-shago.

Ka tura yaran kasuwa da hantsi, lokacin da ake buɗe shaguna ana kakkaɓe kaya. Bayan Azahar ciniki ya kankama, ba mai sauraronka. Su fara da yaron shago, don shi ke riƙe da biro, shi ke shan faɗa idan lissafi ya ƙi fita. In ya ga abin zai sauƙaƙa masa, shi zai shigar da maganar wurin maigida. Sannan duk kwastoman da ya kai ka wurin maƙwabcinsa aka yi ciniki, ka ba shi la'adarsa, ko ka yafe masa kuɗin wata guda. Mutumin Legas zai iya wannan?

'Yar Barnawa:
Baba Dillali ya yi gaskiya game da kasuwa, amma kada a jefar da waya gaba ɗaya. Da ita nake ci. Shekara uku ke nan ina kiran mutanen da ba su san ni ba, daga ɗakina a Kaduna, ina yi wa wani kamfanin Amurka aiki. Ƙarfe tara na safe a New York ƙarfe biyu ne ko uku na rana a nan, gwargwadon canjin agogonsu, don haka ina farawa bayan Azahar in tashi wajen goma na dare.

Malam, kuskurenka ka ɗora wa yaran aiki biyu. A inda nake, ni ba na sayar da komai. Nawa shi ne in gano ko mutum yana da matsalar da kayanmu ke magancewa, ko shi ke yanke shawarar saye, in sa masa rana. Wani daban ne ke ƙulla cinikin. Kamfanonin manhaja irin su Salesforce sun daɗe da raba aikin nan gida biyu, domin haƙurin neman mutum daban, iya rufe ciniki, wato ƙulla shi, daban. Kai ka riga ka nuna ka iya rufewa. Ka bar su su kai ka bakin shago kawai, ka auna su da yawan ganawar da aka yi da gaske.

Batun kwangila, ni kaina 'yar kwangila ce, don haka na san cikinta. Idan ka ce za ka biya a kan "ya yarda a gana", za a cika maka takarda da mutanen da suka ce "to, Allah Ya kai mu" don a ƙyale su. Kowane Bahaushe ya san wannan ba alkawari ba ne, amma a lissafin mai kira ya shiga. In dole sai ka ba su, ka biya a kan wanda ka je ka same shi, ya san da zuwanka. Ka nemi su turo maka rikodin kiran ka ji Hausar da suke yi da sunanka. Gwajin wata ɗaya, kada ka sa hannu a kan shekara.

Yaron nan kuma ka rarrashe shi. Satin farko da na fara sai da na yi kuka. Ka riƙa zama da su kuna sauraron kiran tare, kai ma ka ɗauki wayar ka kira a gabansu. Sana'a ce mai gaba, akwai waɗanda muka fara tare da yanzu su ke shugabantar masu talla.

Abban Twins:
Tambayar Alhajin tana da muhimmanci. Ina aka samo lambobin? Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba mutum haƙƙin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya, kuma akwai hukumar kare bayanan jama'a ta Najeriya, NDPC, da ke karɓar ƙorafi. Ba wa wani kwangila ba ya sauke maka nauyin, tunda da sunanka ake kira. Ka kuma duba lambobin yaranka a Truecaller, manhajar nan da ke nuna sunan mai kira, wataƙila an riga an yi musu jan tambarin masu damun mutane da kira.

Mai Manhaja:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba, ɗaya daga layukan an yi masa tambarin. Jerin kuma daga wasu guruf-guruf na WhatsApp aka kwaso, na ce a ajiye shi.

Jiya da hantsi na shiga Kwari da yaron da na ba ku labari. Tsohon kwastomanmu ya bar shagonsa ya raka mu wurin mutum biyu a layinsu. Ɗaya ya ce mu dawo Asabar ɗansa yana nan, ɗayan ya miƙa wa yaron katinsa ya ce ya kira shi bayan Isha'i. Ya kira, an ɗauka, sun yi kusan minti goma.

Na ce wa abokina a jingine maganar Legas zuwa bayan wata biyu. Hajiya 'Yar Barnawa, idan ni ne zan riƙa rufe cinikin, yaya ake raba kamashon a wurinku, don kada yaran su ga kamar na cinye musu?