Haƙa burtsatse a Kano: wa ya yi gwajin ƙasa kafin ya haƙa, kuma me ya gani?

Baban Ummi, Ɗorayi

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan lamari nake nema. Rijiyar da mahaifinmu ya haƙa a gida, gaba goma sha ɗaya, bana ta ƙafe tun watan Fabrairu, guga sai laka yake ɗebowa. Famfo kuwa na manta rabon da ya ɗiga. Kullum sai mun sayi kura guda ta 'yan garuwa, ranar wanki biyu. Na ɗan tara abin da na tara, na kira masu haƙa burtsatse mutum biyu. Na farko ya ce sai an fara kawo masu gwajin ƙasa, kuma ni zan biya su daban. Na biyu ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, tunda maƙwabcina na bayan gida ya samu ruwa a mita 40, ni ma nan zan samu. Don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya faɗa mana yadda ta kaya, ba labarin ji-ta-ji-ta ba.

Maman Sadiƙ, Hotoro

Wa alaikumus salam. Baban Ummi, maganar da mutum na biyu ya faɗa maka ita aka faɗa wa maigidana, harafi da harafi. Tsakaninmu da maƙwabcin da ya samu ruwa katanga ce kawai. Suka kafa injinsu a tsakar gida da safe. Da farko jar ƙasa ce take fitowa, sai marmara, sai wani yashi mai tsakuwa. Wajen azahar ƙarar injin ta canza, sai ga farar ƙura tana tashi kamar an zazzage buhun fulawa. Ta rufe shanyar da na manta ban kwashe ba, ganyen mangwaron gidan ya koma fari fat. Yaron da ke kan injin ya ce mana mu zuba ido, da zarar ƙurar ta yi duhu ta fara dunƙulewa, to an taɓo ruwa. Kwana biyu ina leƙe ta taga ina jiran wannan duhun. Har mita 70 ƙurar nan fara ce, busasshiya. Suka naɗe kayansu, kuɗin gas da na aiki kuma babu wanda ya dawo.

Sai da muka shekara kafin muka iya sake tunkarar abin. Wannan karon aka kawo masu gwaji, suka yini suna jan waya a layinmu, suka ce a koma bakin ƙofa ta waje, wajen taku ashirin daga ramin farko. A mita 38 ruwa ya ɓalle. Ramin farkon yana nan mun toshe shi da kankare, kullum na bi ta kansa sai na tuna sarƙata da na sayar.

Abban Hanif, Kabuga

Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ni ilimin duwatsu na karanta a Jami'ar Bayero, kuma na yi shekaru ina bin masu wannan gwaji, don haka bari na ɗan yi bayanin abin da ya same ku.

Birnin Kano a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Wannan dutse ba ya shan ruwa. Wuri biyu ruwa yake maƙalewa. Na ɗaya shi ne saman dutsen, inda zafi da ruwan sama suka rududdugar da shi tsawon zamani ya koma ƙasa da yashi. Daga nan rijiyoyin iyayenmu suke sha. Na biyu shi ne tsagar da ke cikin dutsen kansa. Tsaga kuwa ba shimfiɗe take kamar tabarma ba, layi ce, tana iya bi ta ƙarƙashin gidan maƙwabcinka ta kauce wa naka. Shi ya sa zancen "maƙwabci ya samu" ba hujja ba ce a garin nan. Idan ka nufi gabas, wajen Gumel da Haɗeja har zuwa Borno, ƙasar ta canza: can shimfiɗaɗɗen yashi ne da yumɓu na kwarin Chadi, ruwa a cikin yashin yake kwance, maganar maƙwabci ta fi yin aiki.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun 1919 aka kafa sashen binciken ƙasa da ma'adinai na Najeriya, wanda ya daɗe da zama a Kaduna, shi ne ya zama hukumar NGSA ta yau, kuma taswirar da suka zana ta nuna inda dutsen ya tsaya da inda yashin ya fara. Taswira dai ba za ta nuna maka tsagar da ke ƙofar gidanka ba. Wannan aikin gwaji ne. Ƙarafa huɗu ake kafawa a jere, a tura lantarki ta biyun waje, a karanta ta biyun ciki. Busasshen dutse yana tare lantarki, ƙasa mai danshi tana barinsa ya wuce. Ana ƙara nisa tsakanin ƙarafan waje, lantarkin yana ƙara nutsawa, a haka ake gane zurfin da dutse ya fara da inda ake kyautata zaton ya tsage. Na ce ana kyautata zato da gangan, don injin ba ruwa yake gani ba.

Oga Mai Inji, Mariri

Malam Abban Hanif ya faɗi gaskiya, musamman jimlarsa ta ƙarshe. Shekarata 19 a kan injin haƙa. Ba na hana kowa gwaji, amma kada a ɗauka wanda ya yi gwaji ya gama. Na sha haƙa inda takarda ta ce akwai ruwa, muka tarar da yumɓu jiƙaƙƙe. Yumɓu yana barin lantarki ya wuce kamar ruwa, amma riƙe ruwansa yake yi, ba ya saki. Ka sa sumo, wato famfon da ake zurawa cikin ramin, minti goma ya tsotse.

Sannan a cikin gari akwai matsalar fili. Mai son ganin mita 60 ko 70 sai ya ja waya miƙe sama da haka ta kowane ɓangare. A ina za ka samu wannan a lungun Yakasai ko Ƙoƙi, ga kwalbati, ga tsohon bututun ƙarfe a binne, ga turakun lantarki? Akwai kuma waɗanda ke zuwa da wani ɗan akwati, su zaga minti goma sha biyar, su nuna daidai wurin da mota za ta fi sauƙin shiga. Baban Ummi, in za ka yi, ka tsaya a kansu, kuma ka ce sai sun ba ka rahoto a rubuce mai lambobin da suka karanta, ba "akwai ruwa insha Allah" da baki ba.

Abban Hanif, Kabuga

Haka ne Oga. Zancen yumɓu ya taɓa kunyata ni a gaban wani dattijo a Ja'en, har yau ina jin nauyinsa.

Baba Na Dala

'Ya'yana, ina karanta ku ina tuna baya. A gindin Dala aka haife ni. Muna yara kusan kowace unguwa a cikin badala da kududdufinta, inda aka ɗebi ƙasar gini. Damina ta cika su, su riƙe ruwa har cikin rani, a hankali yana tsatsafowa ƙasa. Rijiyar gidanmu gaba shida ce, ban taɓa ganin gindinta ba sai da na yi aure. Garin da ke da Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo da Ƙofar Ruwa ai ba baƙon rijiya ba ne. Kududdufin bayan gidanmu an cike shi da shara, aka bi da ƙasa, yanzu shaguna ne a kai. Abu biyu suka biyo baya, kuma da idona na gani: rijiya ta fara ƙafewa da bazara, ruwan Agusta kuma da ba shi da wurin zuwa ya fara shigo mana soro.

Na ga zamanin da aka gama madatsar Tiga a 1974 lokacin Audu Bako, na ga ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992, ga matatar Tamburawa a hanyar Zariya. Ruwan sama da ƙasa Allah ya ba mu. Yawanmu ne ya ninka, gidaje suka wuce inda bututu ya tsaya, kowa ya koma huda ƙasa a gidansa. A layinmu kaɗai na ƙirga burtsatse tara. Duk daga tukunya ɗaya muke sha, ɗana, ka sa wannan a lissafinka.

Maman 'Yan Biyu, Gwammaja

Ni tawa daban ce. Mun yi gwaji, mun samu ruwa mai yawa a mita 32, fari tas. Wata uku da fara sha yara suka shiga ciwon ciki da gudawa, wannan ya warke wancan ya kwanta. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta matsa na ɗebi ruwan a kwalbar da suka ba ni na kai ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna ƙwayoyin cuta irin na bayan gida. Da aka duba, tsakanin burtsatsen da shaddar maƙwabtanmu bai kai taku goma ba, katanga ce ta ɓoye mana. Kuma masu aikin ba su zuba siminti a kewayen bututun daga sama ba, ƙasar da suka haƙo suka mayar. Ashe ta jikin bututun ƙazantar take gangarawa.

Masana lafiya suna cewa a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Na san a gidajenmu na cikin gari wannan da wuya, fulotin ma gaba ɗaya bai kai haka ba. To ko ba komai a matsa a yi simintin nan da kyau, a kuma kai ruwan gwaji kafin a ba yaro. Mu yanzu wanki da wanka muke yi da shi, na sha sai an tafasa. Waɗanda ke kusa da Jakara ko magudanar masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa, ku naku gwajin ya haɗa har da sinadarai, tafasawa ba ta fitar da su.

Ɗan Autan Hajiya, Rijiyar Zaki

Gajere ne nawa. Kada ka haƙa da damina. Mun haƙa a Agusta, ruwa har yana tsalle, mai inji ya tsaya a mita 28 ya ce ya wadatar. Watan Afrilu sumo ya fara jan iska har ya ƙone. Yanzu da kake cikin bazara, ruwan da ka samu shi ne na gaskiya.

Malam Tsohon Ma'aikaci, Tarauni

Na yi aikin ruwa na gwamnati shekara 31 kafin na yi ritaya, kuma akwai abin da yake ci mini rai wanda ban ga an taɓo ba. A lokacinmu duk burtsatsen da muka haƙa yana da takardarsa. Kowace mita uku ana ɗiban abin da ya fito a jera a ƙasa, tuli-tuli, ni nake tsugunawa na murza da yatsa na rubuta: jar ƙasa, marmara, yashi, ruɓaɓɓen dutse, dutse. A rubuta inda aka fara cin ruwa, inda aka sa bututu mai tsaga, sannan a kunna famfo awanni ana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa in an kashe. Da irin waɗannan takardu masu bincike suke sanin halin da ruwan ƙarƙashin gari yake ciki.

Hukumomin suna nan. Akwai NIHSA, wadda aikinta lura da ruwan koguna da na ƙarƙashin ƙasa ne, ita ce ke fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Akwai cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa a Kaduna, inda ake horar da masu wannan sana'a. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ma hedikwatarta a nan Kano take, kan titin Maiduguri. Amma yawancin ramukan da ake hudawa yau na gidaje ne, a gama a tafi, ba a rubuta komai ba. Ramin Maman Sadiƙ da bai ba da ruwa ba ilimi ne mai tsada, ita ta biya, amma maƙwabcinta na gaba ba zai amfana ba don babu inda aka ajiye shi. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai.

Ɗana Baban Ummi, ka sayi littafi na 'yan makaranta, ka zauna kusa da injin, ka rubuta abin da ya fito da zurfinsa. Kada ka biya cikon kuɗi sai an bar famfo yana aiki aƙalla wuni guda a gabanka. Ni a unguwarmu na fara bi gida-gida ina tambayar zurfin burtsatsen kowa da watan da yake ja baya, na cika shafi goma sha huɗu.

Maman Sadiƙ, Hotoro

Malam Tsohon Ma'aikaci, in kana karɓar na wasu unguwanni, rahoton gwajinmu yana nan a adane, zan sa Sadiƙ ya ɗauki hotonsa.

Baban Ummi, Ɗorayi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da yamma na auna da igiya, daga inda mutum na biyu ya nuna zuwa shaddarmu taku bakwai ne, don haka wurin nan ya fita ko da gwaji ya ce akwai ruwa. Na kuma shiga wajen maƙwabcin nawa, ashe tun Maris nasa sai ya huta awa biyu kafin ya cika tanki, abin da ba a faɗa mini ba. Na yi magana da masu gwaji za su zo ranar Asabar da sassafe kafin layi ya cika da adaidaita, don layinmu miƙaƙƙe ne, waya za ta samu hanya. Malam Abban Hanif, in sun ba ni takardar zan turo ka duba mini lambobin kafin na kira inji. Oga Mai Inji, simintin da Maman 'Yan Biyu ta ambata, mita nawa ya kamata ya sauka daga sama, kuma buhu nawa zan tanada?