Shin darasin auna kuɗin magani da amfaninsa ya zama dole ga ɗalibin harhaɗa magunguna?

Ɗaliba: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. An sanya mana wannan darasi a zangon nan, amma wasu abokan karatuna suna ganin aikin masana tattalin arziki ne, ba namu ba. Shin akwai abin da ake koyo a cikinsa da ya wuce zaɓen magani mafi arha?

Malamin jami'a: Wa alaikumus salam. Zaɓen mafi arha hanya ɗaya ce cikin huɗu da ake koyarwa, kuma ba a binta sai an tabbatar cewa magungunan biyu aikinsu ɗaya ne. Wuyar tana zuwa ne idan sabon magani ya fi tsohon aiki kuma ya fi shi tsada, domin a nan sai an raba ƙarin kuɗin da ƙarin lafiyar da aka samu, a ga nawa ake biya a kan kowane ƙarin lafiya. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne QALY, wanda ke ɗaukar shekara guda cikin cikakkiyar lafiya a matsayin 1, mutuwa kuma 0, ta yadda shekara biyu cikin rabin lafiya za su zama 1. Ostireliya ta wajabta irin wannan bincike tun 1993 kafin gwamnati ta tallafa wa sabon magani, hukumar NICE mai tantance magunguna a Ingila, da aka kafa a 1999, kuwa ta yi shekaru a baya tana aiki da iyakar fam 20,000 zuwa 30,000 a kan kowane QALY.

Mai harhaɗa magunguna a asibiti: 'Yar'uwa, a ganina iya karanta binciken wasu ya fi muhimmanci, tunda kaɗan ne daga cikinku za su tsara nasu. Ki fara duba aljihun wa aka yi lissafi da shi, na asibiti ne, na mai inshora ko na majinyaci, domin kuɗin mota da kwanakin aikin da mai jinya ya rasa ba sa fitowa a lissafin asibiti. Sannan ki duba maganin da aka kwatanta da shi, saboda idan aka zaɓi mai rauni, kowane sabon magani zai yi kyau a takarda, musamman idan kamfanin da ya yi shi ne ya biya kuɗin binciken.

Ɗalibin digiri na biyu: Malam, da izininka, ma'aunin QALY ma yana da masu suka, waɗanda ke ganin yana tauye tsofaffi da masu naƙasa. Haka kuma ba a ɗauko sakamakon wata ƙasa a ɗora wa wata kai tsaye, tunda farashi da yawan masu cutar sun bambanta.