Neman Taimako Kan Babin Amincewar Gwamna a Dokar Filaye

Assalamu alaikum, malamai da ɗaliban shari'a. Ina rubuta kundin kammala digiri a kan jinginar da fili a ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, kuma babi na uku ya cije mini. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta soke jinginar saboda ba a nemi amincewar gwamna ba, bisa sashe na 22 da na 26. Amma a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe ta 1995, kotun ta yarda a sa hannu a takarda kafin amincewar ta fito, muddin an samu ta daga baya.

Na jera hukunce-hukuncen bisa shekara, na sake tsara su bisa sashe, na kuma karanta cikakkun hukunce-hukuncen a rahoton shari'o'i, duk da haka malamin da ke duba aikina ya dawo da babin da jan biro a gefen shafi, yana cewa labari nake bayarwa, ba nazari ba. Lokacin miƙa aiki kuwa ya ƙarato.

Shin hukuncin 1995 ya sassauta na Ajilo ne, ko kuwa batutuwa biyu ne mabambanta da ya kamata in raba su a babin?